Mai nuna alƙibla

Daren Lahadi, Aboabo

Yau muka dawo daga gasar ƙasashe, ni da Awudu ɗan dambe, a motar haya ta trotro ɗaya. Shi da lambar tagulla a wuya, ni da taswira da kamfas a jaka. Tun daga bakin titi samari suka ɗaga shi sama. Ni na biyo baya da jakata, har da tasa.

Duk unguwa ta kalli dambensa a waya. Ni wa ya gan ni? Tawa gasar ta bin taswira ce: awa guda ina gudu ni kaɗai a dajin mutane, ruwa na dukana, ina neman tutocin da aka kafa, kuma ko ɗaya ban tsallake ba. Mma, mahaifiyata, ta ce, "To, da ka samo su, ina suke?" Na ce ai ba a ɗaukowa.

Bayan sallar la'asar Malam, limaminmu, ya yi wa Awudu doguwar addu'a. Sai Awudu ya kamo hannuna ya ce, "Malam, a sa da ɗan'uwana. Ba don kamfas ɗinsa ba, da ba mu san alƙibla a can ba." Masallaci ya ɗauki kabbara. Malam ya ce gobe in zo in duba masa ko sahu na fuskantar alƙibla daidai.

Shekara huɗu ina horo, ladan ke nan. Abin haushin ma, da zuciya ɗaya Awudu ya faɗa, na rasa laifin da zan ɗora masa. Allah ya yafe mini, har aka shafa addu'ar lambarsa nake kallo.