Kunyar Surukai Ta Kusa Kashe Mini Miji

Hajiya Batulu, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake. Maigidana yana da ciwon sukari, kullum da safe sai an yi masa allurar insulin, kuma likita a Birnin Kudu ya ja kunnensa kada ya zauna da yunwa bayanta. Ranar da muka je ta'aziyya gidanmu a Fagam, sammako muka yi don kada motar Gwaram ta wuce mu, an yi masa allurar amma ko koko bai sha ba. Innata ta dama fura, ta kawo tuwo, amma mutumin nan ko kallon ƙwaryar bai yi ba, wai ba a cin abinci a gaban surukai! Kafin azahar gumi ya keto masa, ya fara sambatu, ya yanke jiki ya faɗi gaban Baffana. Wallahi da wani direba bai garzaya da shi asibiti ba, da yanzu ina takaba. Abin da ya fi ƙona mini rai, uwarsa tana yawo a Sundimina tana cewa danginmu ne suka yi masa sammu, kuma a daina allurar. Wane sammu? Ko loma bai ci ba! Shi kuma ya ƙi kare dangina. Kaina ya ɗau zafi, ina shirin tafiya gida.

Mai Takaici, Sundimina.

’Yata, fushinki yana kan hanya, amma ajiye kayanki. Idan mutum ya ci abinci, sukari yana hawa a jininsa, insulin kuma shi ke shigar da shi cikin jiki. Allurar ba ta san kunya ba. In ta shiga ba ta tarar da abinci ba, ɗan sukarin da ya rage take kwashewa, mutum ya faɗi. In kuma aka daina ta, sukarin ya taru ya yi ɓarna.

Maigidanki girmama iyayenki ya yi, surukarki kuma tsoro ne ya kama ta. Ku tafi da ita wurin likita ta ji da kunnenta. Kada ya sake fita bai karya ba, alewa ko dunƙulen sukari kuma kullum a aljihu don in jiri ya kama shi. A Fagam, Innarki ta kai masa akushi ɗaki, a saki labule, ya ci ba mai ganinsa.

Ki faɗa masa ƙarara: iyayenki sun fi son suruki mai ci da suruki a makara. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarki.