Na Sayi Kwamfutar Jikata Ziri-Ziri

Malama Ashetu, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na shiga abin da ba fagena ba, na rasa gaba na rasa baya, kuma lokaci yana ƙurewa. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na koyi biro, don haka ina rubutu kamar yadda nake magana.

Ni maɗinkin batakari ne, rigar nan tamu ta saƙi, a unguwar Zogbeli a nan Tamale, tun ina saurayi. Ina da jika mace, zan kira ta Samiha. 'Yar ɗana ce na fari, Abdul-Rauf, wanda yake aikin tuƙi a Kumasi. Da aka yaye ta aka kawo mana ita riƙo, kamar yadda muke yi. Kakarta ta rasu ta bar mu, ni da ita a gidan. Ita take karanta mini takardar magani, ita take yi mini faɗa idan na sha shayi da sukari da yawa.

Bari in fara da daɗin, domin har yanzu bai sake ni ba. Akwai wani shagon wasan kwamfuta a Lamashegu inda samari suke biya su zauna. Samiha ta daɗe tana zuwa can bayan makaranta. Ni dai na ɗauka shirme ne irin na yara. Gab da Babbar Salla aka shirya gasa a wurin, ta shiga, ita kaɗai mace, ta kayar da su duka. An nuna mini a waya. Ban gane abin da ake yi a allon ba, amma na ga fuskar samarin, na kuma ga tata. Malama, na yi rawa a ƙofar shagona har almakashi ya faɗi. Duk wanda ya zo gwada riga a makon nan sai da ya kalli hoton kafin in sallame shi.

Bayan haka wata ƙungiyar 'yan wasa ta Akara ta ɗauke ta. Za ta riƙa fafatawa daga gida ta intanet, idan ta yi kyau su kira ta can. Amma sun ce dole ta mallaki na'urarta mai ƙarfi, ba ta haya ba. Ranar Salla, dangi sun cika tsakar gida, na miƙe na ce ni zan saya mata, kada kowa ya sa hannu. Ta rungume ni tana kiran Yaba, Yaba, wato kaka a yarenmu. Ban san farashin abin ba a lokacin. Bakina ne ya riga ni.

Na fara tambaya a ɓoye, don ina so in ba ta mamaki. Aka ce mini iri biyu ne. Akwai laftof, wadda ake ninkewa a sa a jaka. Akwai ta tebur, wadda ake sayen kayanta daban-daban a harhaɗa a cikin akwati. Da na ji haka sai raina ya kwanta, domin wannan aikina ne. Batakari ba a sayensa dunƙule. Yau ka sami kuɗi ka sayi zirin saƙa biyu wurin masaƙa, wani makon ka ƙara uku, ka ajiye, in sun cika ka zauna ka haɗa. Ziri ba ya ƙin ziri. Kuma ta tebur tana zama wuri ɗaya, ba mai ɗaukarta ya fita da ita.

Haka na yi. Duk rigar da na sayar sai in je in sayo abu ɗaya. Na fara da akwatin, baƙi mai gilashi a gefe, da fanka mai fitilu. Sannan wani faifai mai ƙananan ramuka da suka ce shi ne uwar injin. Sannan sanduna biyu sirara da ake kira ram, a wani shago daban, domin can ya fi sauƙi. Sannan akwatin wuta. Na ɓoye su ƙarƙashin riguna a shago. Na sa kafinta ya yi mata tebur, na share lungun da ke jikin ɗakina, kusa da taga, inda zan riƙa jin motsinta ina kwance.

Da aka gama bikin Damba, ciniki ya yi kyau, na kwashi kayan a yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, na kai wa Atta, wani mai gyaran kwamfuta ɗan kudu da muke mutunci da shi. Ya yi ta juya su a hannu. Daga baya ya nuna mini cewa sandunan nan ba sa shiga ramin faifan, domin su na sabon yayi ne, faifan na tsoho. Na ce a ɗan fere bakin mana, kamar yadda nake rage ziri. Ya yi ƙoƙari ya danne dariya. Ya ce akwatin wutar ma ba shi da sunan kamfani, yana iya ƙona komai. Ya ce kuma abubuwa biyu mafi tsada, ƙwaƙwalwar injin da katin hoto, ban ma taɓa su ba, ga allon kallo, ga madannai. Ashe na sayi aljihu da wuyan riga, rigar ba ta nan.

Yanzu abin da ya rage a hannuna zai yi ɗaya cikin biyu. Ko in sayi laftof ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Turai, in haƙura da abin da na riga na kashe. Ko Atta ya canza abin da za a iya canzawa ya ƙarasa ta tebur daidai ƙarfina. Abdul-Rauf ya kira ya ce in sayi laftof, domin yarinya ba za ta dawwama a Zogbeli ba, ga karatu a gaba, ga Akara. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, ban san abin da ya harzuƙa ni ba. Wani ya ce mini laftof tana zafi kamar kasko, ɗakinmu kuma kwano ne, kin san zafin Tamale. Wani ya ce ta tebur in aka ɗauke wuta ta mutu nan take, a tsakiyar wasa. Kowa da tasa, ni kuwa ko kunna ta ban iya ba.

Wasannin share fage za su fara wata mai zuwa. Samiha ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya. Tana dawowa daga Lamashegu ta ɗora tukunya, ta dubi teburin nan da ba komai a kansa, ta wuce. Wannan shirun ya fi tambaya ciwo. Idan ta rasa gurbin nan saboda ni, ban san da wane ido zan dube ta ba. Ni dai zuciyata tana kan ta tebur, domin tana zama daram inda aka ajiye ta. Amma ina tsoron kada in sake yin wauta. Wacce zan saya, Malama? Kuma yaya zan yi kada ta san ɓarnar da na yi?

Naki,
Tsohon Maɗinki, Zogbeli

AMSA

Baba, na gode da wasiƙarka, kuma ina taya ka murna. Yarinyar da ta shiga cikin samari ta fito da nasara, akwai hannun wanda ya rene ta a ciki. Rubutunka kuma ba shi da abin neman haƙuri.

Ɓarnar ba ta kai yadda kake ji ba. Akwatin yana nan da amfaninsa. Tsakanin faifan da sandunan, ɗaya ne kawai zai tafi, kuma tunda ba a taɓa kunna su ba, Atta zai iya musanya shi ko ya sayar da ɗan ragi. Akwatin wutar ne kaɗai zan ce ka yafe, domin na banza yana iya tafiya da sauran kayan. Kuskurenka ɗaya ne: kayan kwamfuta kowanne da abokin da yake shiga da shi, kuma sai sun cika ake gane ko suna aiki. Daga yau kada ka ƙara sayen ko da waya ɗaya kai kaɗai.

Yanzu mu auna biyun. Da kuɗi iri ɗaya, ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma in wani abu ya tsufa ana cire shi a sa sabo. Amma lissafinta ba ya ƙarewa a akwati. Akwai allon kallo, madannai, linzamin kwamfuta, da ƙaramin batirin nan da ke riƙe wuta na 'yan mintuna in an ɗauke, wanda a garinmu ba ado ba ne. Ka ce wa Atta ya faɗa maka jimlar duka kafin a sayi komai, kuma kaso mafi girma ya tafi kan katin hoto, ba kan fitilu ba.

Laftof kuwa tana zuwa da komai a jikinta, ba ta mutuwa in wuta ta yanke, kuma tana bin mai ita makaranta. Amma wasa a kan batiri yana rage mata ƙarfi, tana zafi a ɗakin kwano, kuma katin hotonta ba ya canzuwa. Ta hannu sai an yi hattara. Kada a biya sai an kunna ainihin wasan da Samiha take yi, an bar shi ya daɗe yana gudu, an ji ƙarar fanka, an duba batiri, mai shago kuma ya amince da mayarwa in ta ba da matsala. Kowacce aka zaɓa, ram ɗinta kada ya gaza giga goma sha shida, kuma a gwada ƙarfin intanet a lungun da ka share, domin na'ura mai kyau ba ta cin wasa in layi yana yankewa.

Akwai tambayoyi biyu da za su yanke hukuncin, kuma ba ni da amsarsu, kai ma ba ka da ita. Wane ƙarfi wasanta yake bukata? Idan aka kira ta Akara, ƙungiyar ce za ta ba ta na'ura a can, ko da tata za ta je? Samiha ta sani, ko za ta sani da saƙo ɗaya. Idan suna bayarwa kuma tana gida bana, a ƙarasa ta tebur. Idan da tata za ta tafi, Abdul-Rauf ya fi mu gaskiya. Don haka ba zan taya ka ɓoyewa ba. Ba ka taɓa yanka wa mutum batakari ba tare da ka auna kafaɗarsa ba. Ka fito da kayan nan daga ƙarƙashin riguna a makon nan, ka ɗauke ta ku je wurin Atta tare. Wata guda ya isa in an fara yanzu. Ina kyautata zaton za ta yi dariyar maganar fere sanda, kuma kana da haƙƙin ka rama da tsokana irin ta kaka.

Sai abu na ƙarshe, Baba, ka yafe mini in na shiga inda ba ka gayyace ni ba. Sau biyu ka yabi ta tebur da cewa tana zama inda aka ajiye ta, ka sa teburin jikin ɗakinka, ka kuma kashe wa ɗanka waya da ya ambaci Akara. Ina jin ba na'urar kake so ta zauna ba. Babu laifi a wannan, gida mai mutum biyu ne, kowa zai ji haka. Amma kada wannan tsoron ya zaɓa mata kayan aiki. Idan ta zaɓi laftof, ba gudunka take yi ba. Idan ta zaɓi ta tebur, ranar tafiya in ta zo za ta tafi. Ka kira Abdul-Rauf ku shirya, ka faɗa masa abin da ke ranka.

Akwai aikin da ba sai ka tambayi Atta ba. Ka je wurin masaƙanka ka zaɓi ziri mafi kyau, ka ɗinka mata riga da hannunka, wadda za ta sa ranar da ta zauna gaban allo a Akara. Wannan kam ziri-ziri za ka saya, kuma duk za su shiga juna.

Allah ya ba Samiha nasara, ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ƙafa, domin ina ganin akwai sauran rawa a ƙofar shagon nan.

Malama Ashetu