Saura Mako Uku a Yi Kokawar

Kawu Latir,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna da ƙannena? Yaya gyaɗar bana a Fatik?

Ni lafiya lau nake a Dakar, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Saura mako uku in yi kokawa da wani ƙato na unguwar Pikin, amma mai horar da mu, Usainu Sar, ba ya bari mu kama juna sai ranar Asabar. Kullum gudu a yashin bakin teku, ɗaga ƙarfe, jan taya, ba hutu. Gaskiya na daina saurin haki. Amma jiya Asabar wani siriri ya kayar da ni da irin kamun da kai ka koya mini. Na ce wa Usainu hannuna ya fara mantuwa. Ya yi dariya ya ce, "Jegan, nan ba ƙauyenku ba ne, ƙarfi ke ci!"

Gwiwar hagu tana ɗan ciwo, ba sosai ba. In koma kamu zalla irin namu, ko in daure? Ka amsa mini da wuri, ka sa ni a addu'a.

In Inna ta tambayi ɗingishin da ta gani a bidiyon da na aiko muku, ka ce sabon takalmi ne.

Ɗanka,
Jegan