Jirgin da Aka Ɗora a Kan Gonar Baba

Diffa, ranar Laraba

Zuwa ga Yayata Fanna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Abatcha da yara. Ya ƙafar Inna? Ya shanyar tattasai a Chetimari? Ni jikina lafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, tun ranar Juma'a ban sake zama daidai ba. Ina tsintar shinkafa, maƙwabciyata Amatullahi ta shigo tana dariya, ta miƙo mini wayarta in ga sabon tallan da mijina ya yi.

Kin san Nazir na tura wa mutane fina-finai a waya a shagonsa na kasuwa, ni kuma nake rubuta masa kalmomin talla, tunda ya ce karatun littattafan soyayyata ya kamata ya yi amfani. Watan jiya fina-finai biyu na sararin samaniya suka zo masa. Na farkon duk wuta ne da jirage da halittu masu ido huɗu. Hotonsa kaɗai ya sayar da shi, ban rubuta ko layi ba. Na biyun labarin wata tsohuwa ce da ke rainon iri cikin jirgi bayan ruwa ya cinye duniya. Sau uku na kalle shi ina kuka. Amma hotonsa tsiro ne guda cikin kwalba, kuma abin da na rubuta a kan kewa da haƙuri bai jawo kowa ba. Nazir ya ce mutane ba sa sayen tsiro, sai abin da ya tsorata su.

To, abin da na gani a wayar Amatullahi, Baba ne. Bidiyon nan da na ɗauka a Geskeru shekarar da kogin Komadugu ya yi ambaliya, yana tsaye cikin gona ruwa har ƙirji, yana jan injin ban-ruwa. Don tallan fim na biyun, Nazir ya ɗora wani baƙin jirgi a saman kan Baba, ya sa ganguna da wata ƙatuwar murya mai shelar ƙarshen duniya. Amatullahi ba ta san Baba ba. Ta ce tsohon nan ya iya wasa.

Kin tuna a cikin bidiyon Baba ya juyo ya ce mini in koma tudu kada in jiƙe? Wata biyu bayan nan ya rasu. Muryarsa ke nan kaɗai da ta rage mana. Duk lokacin da kewa ta dame ni, wurin nan nake maimaitawa.

Da Nazir ya dawo na roƙe shi ya ba ni katin memorin wayata da ya ɗauka, in ji na asalin. Sai ya sunkuyar da kai. Ashe da ya gama haɗa tallan, masu saye sun yi masa yawa, katunansa suka ƙare, ya goge nawa ya zuba wa wani fim a ciki. Ya yi zaton na tura miki tuntuni. Ni kuwa kullum cewa nake sai na zo, mu kalla tare da Inna.

Ya ba ni haƙuri, har da hawaye, na kuma san ba da mugunta ya yi ba. Amma jiya na ji shi a waya yana gaya wa abokinsa fim ɗin ya karɓu har garin Maine. A littattafaina, miji kan gane ciwon matarsa kafin ta buɗe baki. Na daɗe ina ɗauka nawa ma haka yake.

Yanzu Baba na cikin wayoyin rabin garin nan, bakinsa na motsi, ba mai jin abin da yake faɗa. Ni kaɗai na san sunana yake kira.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki gaishe ta, ki shafa mini kan yara. Na haɗa kayana da littattafaina, ranar Asabar zan shigo motar Chetimari, kuma ban sa ranar dawowa ba.

Taki ƙanwa,
Bushra