Tukunyar da Baffa Ya Juye

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar maigidana ta saki har ya koma aiki, Auta kuma tana haƙori, ba wanda take ragawa.

Saƙonka ya iso, cewa ƙarshen wata a mayar da Baba gidan Baffa tunda na kasa. Sau uku na karanta, kuma har yau raina bai sauka ba. Tunda ba ka tambaye ni ba, bari in gaya maka da kaina.

Da aka sallamo Baba daga asibiti, magungunan sun kashe ciwon ƙirjin amma sun bar cikinsa a lalace. Duk abin da ya ci, kafin in ɗauke kwanon ya nufi banɗaki. Ya rame har wandonsa ba ya zama. Likita ta ce maganin ya share har da ƙwayoyin da ke taimakon hanji, don haka a riƙa ba shi yogot mara sukari safe da yamma. Ta ce yana gyara ciki, yana da sauƙin haɗiya, yana kuma ƙarfafa ƙashi. Na kanti duk zaƙi ne, sai na koyi haɗawa: in tafasa madara, in bari ta huce, in zuba cokali biyu na jiya, in lulluɓe tukunyar da tawul.

Rana ta huɗu Baffa ya zo dubiya, ya tarar da surukaina a falo. Ya ɗauki kwanon Baba ya shinshina, ya ce ashe da ruɓaɓɓiyar madara nake ciyar da ɗan'uwansa. Wai rowa ce ta hana ni sayen nama, yunwa za ta kashe tsohon a hannuna. A gaban uwar mijina fa, Yaya. Bai tsaya nan ba, ya shiga kicin ɗina ya juye tukunyar a wurin wanke-wanke, har da ɗan abin da na ware na haɗin gobe. Kwana biyu Baba bai samu ba, cikin ya sake tsinkewa. Mutumin da ko ruwa bai miƙa masa a asibiti ba, yau shi ne sarkin tausayi. Sannan ya kira ka ya kwashe ƙarya da gaskiya ya faɗa maka, kai kuma ka hau kai ka zauna.

Ni dai na sake ɗora tukunyata. Yau sati biyar ke nan. Gudawa ta tsaya, Baba yana tauna abinci ba haɗiya kawai ba, ya ƙara kilo huɗu, likita ta rubuta a katinsa. Da ƙafarsa yake zuwa masallaci, yana dawowa yana mita wai na cika zuba masa a ƙaramin kwano.

To ni ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ranar Asabar na gayyaci duk wanda ke falon ranar, kowa kujerarsa. Baffa ya zaci kayan Baba zai zo dubawa. Baba ne zai buɗe masa ƙofa da hannunsa. Zan karanta katin likita da ƙarfi, in zuba wa kowa yogot, na Baffa a babban kwano, in tsaya a kansa. Bakin da ya kira ni marowaciya a gaban uwar mijina, shi zai ce ƙarya ya yi, a gabanta. In bai faɗa ba, gaisuwar da ke tsakaninmu ta ƙare, ko duk dangi za su taru a kaina.

Saura kai. Baba bai san maganar tafiyar nan ba. Jiya ma cewa ya yi in samo masa irin tumatir, zai shuka a bayan ɗakinsa. In har kana nan kan bakanka, kai za ka kira shi ka gaya masa, don ni bakina ba zai iya ba.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan Babba da Ƙarami. Maigidana yana gaishe ka, Inna uwar mijina ma ta ce a gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da ba ta kasa ba.