Igiyar Takalmin Malam

Lahadi, 4 ga Fabrairu, 2024

'Yarmu Zahida ta kira daga Ohayo ta Amurka. Ciki ya shiga wata na biyar, likitocinsu sun ce tsakiyar Yuni in Allah ya yarda. Haihuwar fari, a ƙasar da ba ta da inna ba ta da gwaggo. Wa zai dafa mata ruwan wanka? Wa zai dama mata kunun kanwa? Mijin nata da ko shayi sai ya tambaye ta inda sukari yake?

Na faɗa wa Malam muna cin tuwo. Ya yi murna har ya ajiye cokali. Sai kuma ya ce, "Ki je ke kaɗai, Turai. Ni na gama hawa jirgi."

Ya san ba zan tafi in bar shi ba. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, shekara biyu ke nan, ni ce hannunsa ɗaya. In bai je ba, ban je ba.

Talata, 6 ga Fabrairu

Igiyar takalminsa na hagu ta tsinke da safe. Na ƙulla ta, ta yi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na san abin da ya hana shi. Bara ne, da za mu dawo daga wajen Zahida. A filin jirginsu aka ce kowa ya cire takalmi. Shi kuwa takalminsa ba silifa ba ne: akwai robar nan mai tauri da asibiti suka yi masa, daga dunduniya zuwa ƙwauri, sai an sa ta sannan a cusa ƙafar a takalmi a ja igiya sosai. Na durƙusa na kwance masa, aka wuce da shi, na sake durƙusawa a ɗaya ɓangaren na ɗaure. Layi a bayanmu kamar na masu jiran kananzir, kowa yana duba agogo. Tun daga nan har muka sauka Riyad bai ce da ni uffan ba.

Mutumin da ya shekara talatin yana tsayawa gaban ɗalibai, ga matarsa a ƙasa tana fama da ƙafarsa a bainar jama'a. Na fahimta. Amma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye wa takarda ba. A gida kullum da safe miƙo ƙafar yake yi ba gardama. A gaban mutane ne na zama abin kunya.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Zahida ta zo da dabara. Wai gwamnatin can tana da wani shiri: ka biya kuɗi, su binciki tarihinka, su ɗauki zanen yatsunka, shi ke nan sai ka riƙa bin wani layi na daban, ba cire takalmi. Tunda muna da fasfonsu tun zamanin da Malam yake koyarwa a can, mun cancanta. Dala ɗari kowane mutum, ba a mayarwa ko sun ƙi ka. Shekara biyar yake yi.

Na ce mata, "Dala ɗari don kada mutum ya cire takalmi? Masallaci ma kyauta muke cirewa sau biyar a rana."

Ta yi dariya ta ce, "Mama, ni zan biya."

Na ce ta riƙe kuɗinta, mai ciki ba ta san hidimar da ke gabanta ba. Malam yana falo, yana jin komai.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Shekara biyar.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Mun je kasuwar Aziziya da Mariamou, maƙwabciyarmu 'yar Damagaram. Ita ta ɗauki kwalin tumatir, buhun albasa, dankali har direban tasi yana ƙunƙuni. Ni na sayi na sati ɗaya.

Ta ce, "Hajiya, ke da kike rantsuwa da sari? Wa ya koya mini cewa sayen kilo-kilo asara ne?"

Na ce firjinmu ne ya tsufa. Ta dube ni. Mariamou ba ta da surutu amma idonta yana da shi.

Gaskiyar ita ce tun ranar da likitan nan ɗan Sudan ya ja ni gefe a asibiti ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma na biyun ba ya cika zuwa da sauƙi, na daina sayen abu mai yawa. Shinkafa ƙaramin buhu. Sabulu ɗaya. Shaddar da aka kawo masa daga Kano tana nan ban kai ɗinki ba. Ji nake kamar in na tara, Allah zai ga na saki jiki. Na san ba haka ake zato ga Allah ba, astagfirullah. Ban faɗa wa Malam maganar likitan ba, ban faɗa wa yara ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kuma mu dama mutanen shekara ɗaya ne a garin nan. Iƙama, wato takardar izinin zama, shekara ɗaya, kwantiragin jami'a shekara ɗaya, haya shekara ɗaya. Na saba da wannan, zuciyata tana iya ɗauka. Yanzu a ce in zauna in biya wa Malam abu har 2029?

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Yau da kansa ya tayar da maganar, yana shan shayi.

"Abin nan da yarinyar nan ta ce, a biya."

Na ce to, za a biya nasa, ni ƙafata lafiya lau, zan bi layin kowa da kowa.

Ya ce, "Sai in wuce in bar ki a baya?"

Na tashi na ce na bar abu a wuta. Babu komai a wuta.

Asabar, 2 ga Maris

Ya tambaya ko an yi. Na ce intanet ce ba ta da kyau.

Litinin, 4 ga Maris

Ya sake tambaya. Na ce katin banki ne. Ya ce, "Ikon Allah, komai na gidan nan ya tsufa, har firji." Ashe Mariamou ta ba mijinta labari, mijinta ya ba shi. Maza ma sun iya gulma, sunanta ne kawai suke canzawa.

Laraba, 6 ga Maris

Bari in rubuta wannan tun bai gushe ba.

Da safe na durƙusa kamar kullum. Na sa robar, na cusa ƙafar, na ja igiyar a hankali saboda ƙullin. Da na zo tashi sai gwiwata ta dama ta ƙi. Na dafa kujera, na dafa bango, da ƙyar. Ina ɗagowa na ga idonsa ya kawo ruwa. Malam. Ko ranar da aka yi masa waya mahaifiyarsa ta rasu, ɗaki ya shiga ya rufe.

Ya ce, "Haka kika yi a filin jirgin."

Na ce ban tuna ba. Wallahi ban tuna ba.

Ya ce, "Ni na tuna. Kin gama ɗaurewa kin kasa tashi. Na miƙa miki hannun hagu, hannun bai tafi ba. Na dama yana kan sanda, in na saki na faɗi a kanki. Wani ƙaton mutum ne daga layi ya kama ki ya ɗaga. Ina tsaye ina kallo."

Sai a lokacin abin ya dawo mini. Wani mai jar riga, har na ce masa na gode. Na manta da shi tun kafin mu shiga jirgi.

Na ce, "Ni na zaci kunyata ka ji."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Shekara talatin da shida muna tare, Turai, har yau ba ki iya karatuna ba. Da ɗaliba ce ke, da tuni na kayar da ke."

Na yi dariya ina kuka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai kawai na faɗa masa maganar likita, duka. Na ce abin shekara biyar ne, ni kuma tsoro nake ji. Ban taɓa furta kalmar a gabansa ba sai yau.

Ya ce, "Ke gefe ya ja ki. Ni a fuskata ya faɗa, tun kafin ya faɗa miki." Ashe shekara biyu muna zaune ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda.

Sai ya gyara hula ya ce, "In ban ci shekara biyar ɗin ba, ki je ofishinsu ki ce su ba ki canji."

Na ce ai ba sa mayarwa.

Ya ce, "To kin gani. Dole in zauna."

Alhamis, 7 ga Maris

An biya, mu biyu. Shi ya danna da yatsansa na dama, ni na riƙe wayar. Saƙon banki ya shigo sau biyu, riyal ɗari uku da saba'in da wani abu kowanne. Na lissafa kwalin tumatir nawa ke nan, na faɗa masa. Ya ce in rubuta musu in ji ko suna karɓar tumatir.

Laraba, 20 ga Maris

Azumi na goma. Zahida ta ce sun amince a matakin farko, sauran tambayoyi da yatsu sai mun sauka can. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in yi lalle a yatsu kafin tafiya, wai na'urar tana iya rikicewa. In je ganin jikata da hannu fari fat kamar mai takaba? Allah ya kiyaye bakina. Zan yi a ƙafa.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Bayan sallar Juma'a mijin Mariamou ya shigo da wata 'yar kujera ta katako, gajeruwa, irin ta tsugunno. Wai Malam ne ya sa ya nemo a kasuwar Dira, shago uku ya shiga kafin ya samu. Malam ya ce daga yau a kanta zan zauna in ɗaure masa takalmi, ya hana durƙuso a gidansa.

Na ce akwai takalma masu mannewa, na sha ganinsu, da hannu ɗaya ma zai iya sawa. Ban san me ya sa na faɗa ba, don shekara biyu ina wuce su ina kau da kai.

Ya ce, "Na san da su."

Kujerar ta yi mini daidai.

Asabar, 1 ga Yuni

Jibi tafiya. Kanwa, gero, citta, kanumfari, daddawa a leda uku. Malam ya ce in an kama mu da daddawar nan kuɗinmu ya tafi a banza, tarihinmu ya ɓaci. Na tambayi Zahida abin da aka yarda a shiga da shi, na cire rabi ina jin haushi. Riyad ta yi zafi har tabarmar baranda tana ƙona ƙafa.

Lahadi, 11 ga Agusta

Mun dawo jiya. Littafin nan a kan firji na manta shi, wata biyu da 'yan kwanaki.

Mace ce. Mu'minat. Ta zo ranar Laraba kafin Babbar Sallah, da gashi kamar an shafa mata mai. Ni na yi wa Zahida wanka har arba'in, a bahon Turawa, da ruwan da na tafasa a tukunya huɗu, mijinta yana tsaye yana tambayar ko ba zai ƙona ta ba. Malam ya yi wa jaririyar huɗuba, an ɗora masa ita a cinya, ya tallafe kanta da hannun dama. Ya ce amaryarsa ce, ni na tsufa. Na ce ya je ta ɗaure masa takalmi.

Tambayoyin shirin nan da ɗaukar zanen yatsu ba su ɗauki lokaci ba. Hannunsa na hagu ni na buɗe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin.

A dawowa muka bi layin namu. Gajere ne. Wata ma'aikaciya ta duba robar daga waje, ta goga wani abu a kai, ta ce mu wuce. Takalminsa a ƙafarsa. Na tsaya a ɗaya ɓangaren hannuna ba abin yi, har na ji wani iri. Ya iso da sandarsa a hankali, ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Muje, Hajiya." Ya daɗe bai yi tafiya kansa a sama haka ba.

Katunan shirin da suka ba mu suna cikin jakata. Na ga shekarar ƙarewarsu da aka buga a jiki, ban daɗe ina kallo ba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ƙullin nan na Fabrairu ya kwance yau, igiyar ta gama yawo. Bayan la'asar muka je Dira da Mariamou, na kai shaddarsa wajen tela tunda hanya ce. Sai shagon dattijon nan mai takalma a bayan tsohuwar fadar Masmak. Na nuna masa tsohuwar, na ce baƙa, mai ƙarfi, wadda za ta jure ja kullum. Ya ciro wata ya ce wannan sai ta shekara ba ta tsinke ba. Ya ce, "Kam?" Wato nawa zai ba ni.

Mariamou tana gefe tana duba silifa, amma na san kunnenta yana wajena.

Suna da araha ne kawai, kuma Dira da nisa, mutum ba zai yi ta zirga-zirga a kan igiyar takalmi ba.

Na sayi biyar.