Saurin da Sanusi Ya Kawo

Daren Talata, Kaura Namoda

Ban yarda da saurin nan ba. Tun farkon wata nake fama da direban faifan ajiya, wato manhajar da ke kai bayani kan faifai, da muke rubuta wa kwamfutar wani asibiti a Shinkafi. Na tsawaita layin da umarni ke jira, na ware guraben bafa, inda bayani ke ɗan yada zango a memori kafin ya kai faifai, tun kafin a buƙace su, da kyar na samu ɗan ƙarin sauri. Jiya na tafi Zurmi ta'aziyya, na bar wa abokin aikina Sanusi aikin. Yau na dawo na tarar abu yana gudu kamar an koro shi.

Na tambaye shi me ya taɓa. Ya ce, "Gyara kaɗan ne, Malam. Mi kaka tsoro? Ba sauri aka so ba?" Ko ɗago kai bai yi ba.

Zargina shi ne ya sa direban yana cewa an rubuta da zarar bayani ya shiga bafa, tun bai sauka kan faifai ba. Kamar mai keke napep da zai bugo waya ya ce ya kai kaya, alhali yana tasha. In akwai wuta, babu mai ganewa. Amma a Shinkafi? A ɗauke wuta, sakamakon gwajin jinin wani ya bi iska, kwamfuta kuma ta rantse ta adana.

Wataƙila haushi kawai nake ji don ya fi ni. Allah ya sa haka ne. Da safe dai zan cika layin taf da umarni, in kira shi, in ce ya zare filogi da hannunsa. Fuskarsa zan kalla.